Sabuwar ƙaramar amfilifayar jita ta fito: a canza, ko a zauna da tsohuwa?

Duk wanda ya daɗe yana kaɗa jita mai lantarki ya san wannan ciwon. Jiya da daddare amfilifayarka, wato akwatin da ke ƙara wa jita sauti, lafiyarta ƙalau, ka yi ta kiɗa har kan yatsunka suka yi zafi. Da safe sai ka ci karo da bidiyon wata sabuwa da aka fitar, 'yar ƙarama da ba ta wuce kwalin takalmi ba, wani gwani ya rungume jita yana zuba mata, sauti yana fitowa kamar a babban ɗakin ɗaukar waƙa. Ka waiwaya ka dubi taka a kusurwar ɗaki, nan take ka ji kamar muryarta ta dishe. Babu abin da ya same ta tsakanin jiya da yau. Ido ne ya ga sabuwa, zuciya ta shiga neman hujja.

Masu ƙera waɗannan kaya kuma ba sa barin zuciyar ta huta. A watan Janairu akan yi babban baje kolin kayan kiɗa na NAMM a garin Anaheim da ke Kalifoniya a Amurka, daga nan sanarwa ba ta yankewa har shekara ta ƙare. Yamaha ta fito da THR a 2011, ta sake masa zubi a 2019. Boss ta kawo Katana a 2016, zubi na biyu a 2019, na uku a 2024. Positive Grid kuwa jero su ta yi: bayan Spark na farko, Spark Mini ya zo a 2022, Spark GO a 2023, Spark 2 a 2024. Wanda ya ce sai ya bi kowane zubi, aljihunsa ne zai gaya masa.

Ga yadda nake kallon lamarin. Ƙaramar amfilifaya ta zamani abubuwa uku ne aka cusa a akwati guda. Akwai ƙwaƙwalwa, wato sashen da ke karɓar 'yar wutar da maganaɗisun jita ya turo ya ba ta launi, ko garau, ko mai gurnani, ko mai amsa-kuwwa. Akwai sashen ƙarfi da ke kumbura wannan wutar. Sai lasifika da akwatin da take zaune a ciki, ita ce mai girgiza iska har ta iso kunne. Idan aka ce an yi sabon samfuri, galibi ƙwaƙwalwar aka taɓa, don ita ce mai saurin ci gaba, ita ce kuma mai sauƙin sauyawa. Kunne kuwa, a cikin ɗaki, lasifika ya fi ji. Saboda haka mai son canji ya fara gano a wanne cikin ukun nan ƙorafinsa yake. Idan matsalarsa a lasifika take aka sayar masa da sabuwar ƙwaƙwalwa, an gudu ba a tsira ba.

Mu fara da lambar da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali, wato wat. Mutane da yawa suna ɗauka mai wat 20 ta ninka mai wat 10 ƙara. Ba haka lissafin yake ba. Da desibel ake auna ƙarar sauti, ninka ƙarfin wuta sau biyu kuma desibel 3 kacal yake ƙarawa, abin da kunne zai ce an ɗan ɗaga. Kafin kunne ya yarda ƙara ta ninka, sai an ƙara wajen desibel 10, wato an ninka wutar sau goma. Ke nan mai wat 5, wadda za ta ninka ta ƙara sai mai wat 50, in dai lasifikarsu iri ɗaya ce. Ɗauki Spark misali: na farko wat 40 ne, Spark 2 wat 50. A takarda an ƙara kashi ɗaya cikin huɗu. A kunne bai wuce desibel ɗaya ba, wanda da ƙyar mutum zai lura ko an jera su kafaɗa da kafaɗa. Wannan ba suka ba ce ga Spark 2, ya zo da wasu abubuwan da suka fi wannan muhimmanci. Amma wanda ya canza don wat goman nan, iska ya saya.

A ɗakin kwana ma wat ɗaya ya isa ya haɗa ka faɗa da maƙwabta. Ana auna kuzarin lasifika da ƙarar da take bayarwa idan an ba ta wat ɗaya aka saurara daga tazarar mita ɗaya. Lasifikar jita mai inci 12 takan ba da tsakanin desibel 95 zuwa 100, kuma Celestion Vintage 30 da ta shahara a hannun makaɗa 100 ce cif. Cibiyar NIOSH ta Amurka mai bincike kan lafiyar ma'aikata ta ba da shawarar kada a wuce awa takwas a desibel 85, duk ƙarin desibel 3 kuma yana raba lokacin gida biyu, ta yadda a desibel 100 minti 15 ne kawai. Shi ya sa Katana mai wat 50 take da maɓallin da ke sauko da ita zuwa rabin wat. Mai ita a gida, a nan zai fi barinta.

A lasifika gizo yake saƙa. Tsirkiyar jita mafi kauri, idan an kaɗa ta ba a danne ba, tana rawa sau 82 a daƙiƙa. Kafin a fitar da irin wannan kaurin murya da ƙarfi dole a tura iska mai yawa, yawan iskar kuma ya danganta da faɗin fuskar lasifika da nisan da take iya kaiwa da komowa. Fuskar mai inci 12 ta ninka ta mai inci 4 wajen sau tara, ta ninka ta mai inci 3 wajen sau goma sha shida. Ko an jera masu inci 4 guda biyu, kamar yadda aka yi wa Spark, ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na babbar ba. Wannan doka ce ta halitta, babu manhajar da za ta soke ta.

Injiniyoyi dai sun iya dabara, ba a raina su. Sukan huda rami a jikin akwati don iskar bayan lasifika ta fito ta taimaka, ko su liƙa wata fuska marar wuta da ke rawa da motsin iskar ciki, kamar yadda aka yi a Spark Mini. Sukan kuma hau kan wata ɗabi'a ta kunnen ɗan Adam: kowace murya tana tafe da 'ya'yanta na sama, ga ta 82 kuwa su ne 164 da 246 da sauransu, kuma idan kunne ya ji 'ya'yan, yakan cike uwar da kansa ko da ba ta fito sosai ba. Da irin waɗannan ne ɗan akwati ke ba ka mamaki a kan tebur, har ka sunkuya kana neman inda aka ɓoye babbar lasifika. Sai dai dabarar a ƙaramar ƙara take ci, a kusa. Murɗa maɓalli ya yi nisa, sai kaurin ya fara janyewa, sautin ya tsuke ya koma ta hanci. Kai ta ɗakin atisaye, mai ganga ya ɗaga sanda, ka ga yatsunka suna aiki amma ba ka jin kanka.

Akwai wani bambancin kuma da ba a cika faɗa ba. Lasifikar jita ta asali da gangan aka bar ta da naƙasa: daga wajen rawa 5,000 a daƙiƙa zuwa sama takan datse sauti, wannan datsewar ce ke mayar da gurnani abin saurare, ba don ita ba da kukan ƙudan zuma za a ji. Amfilifayoyin tebur irin su THR da Spark kuwa lasifikarsu mai fitar da komai ce, irin ta sauraren waƙa, don ana so su yi aiki biyu. Datsewar a ƙwaƙwalwa ake kwaikwayonta. Abin da suke ba ka shi ne hoton muryar babbar amfilifaya bayan an ɗauke ta da makirufo, irin wadda ka saba ji a faifai. Wani wannan yake so, kuma ya fi masa daɗi. Wani kuma bugun iska a ƙafar wando yake nema, da yadda tsirkiya ke amsa wa lasifika ta ja murya ta daɗe ba ta mutu ba. Wannan na biyun zai canza amfilifayar tebur sau uku bai gamsu ba, yana ta zargin ƙwaƙwalwa, alhali abin da yake nema ba ya cikin akwati mai wannan girman.

Fender ma ta nuna ta san da haka. Da ta fitar da Tone Master Deluxe Reverb a 2019, ta cire bawul gaba ɗaya, wato 'yan kwalaben gilashin nan da ke yin ja idan sun ɗauki zafi, ta maye gurbinsu da ƙwaƙwalwar kwamfuta. Ta sa sashen ƙarfi mai wat 100 don ya kwaikwayi wat 22 na ta asali, nauyi ya ragu da kusan rabi. Amma lasifika tana nan inci 12, akwatin ma girmansa yana nan.

Sai bidiyon da ya tayar da hankalin tun farko. Ka tambayi kanka ta wace hanya sautin ya iso kunnenka. Sau da yawa an ɗauke shi ne kai tsaye ta wayar USB zuwa kwamfuta, lasifikar akwatin ko tari ba ta yi ba. Ko kuma an kafa mata makirufo mai kyau a baki, an tace, an daidaita. Sannan kai ka saurara ta abin kunnenka ko ta lasifikar wayarka. Abin da ya burge ka shi ne ƙwaƙwalwar, da kunnen wanda ya tace, da hannun gwanin. Hannun gwanin kuwa ba a sa shi cikin kwali.

Ko ka samu ka gwada da kanka, akwai tarko. Tun 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson na ɗakin binciken Bell suka nuna cewa kunne ba ya jin kauri da siranta daidai a kowace ƙara. Idan ƙara ta yi ƙasa, kaurin ne ke fara ɓacewa. Idan ta ɗagu sai ya dawo, komai ya cika. Don haka in aka jera amfilifaya biyu, ɗaya ta ɗara ɗaya da desibel biyu ko uku, mai saurare zai karkata ga mai ƙarar, ya kuma rantse ba ƙara ya ji ba, inganci ne.

Na taɓa yi wa kaina wannan gwajin, na kuma ji kunya. Wani abokina ya kawo sabuwar tasa, muka ajiye ta kusa da tsohuwar tawa a tebur ɗaya. Bugun farko na ce tasa ta yi wa tawa fintinkau. Sai ya ce in dakata. Muka buɗe manhajar auna ƙara a waya, muka ajiye wayar taku biyu daga tebur, muka yi ta murɗawa har duka biyun suka tsaya a lamba ɗaya. Muka kashe amsa-kuwwa da duk wani ado, don sautukan da kamfani ke shiryowa da kwalliya fal suke zuwa, an yi su ne don minti biyar na farko. Na ba su baya, shi yana zare waya yana sokawa, ni ina maimaita jimlar kiɗa ɗaya. Zagaye goma muka yi a kowane launi. A sauti garau na kasa raba su, har sau da dama tawa na zaɓa ina cewa ita ce sabuwar. A gurnani mai nauyi ma bambancin bai taka kara ya karya ba. Sai a tsakiya, wurin nan da idan ka sassauta bugu sauti ya washe, ka danna ya yi kaushi, a nan sabuwar ta nuna kanta, kusan kowane zagaye na gane ta. To yanzu na san abin da kuɗina za su saya, wannan gaɓar ce guda. Saura in tambayi kaina sau nawa nake zama a gaɓar.

Kada a ɗauka ina cewa ƙwaƙwalwa ba ta ci gaba. Ta ci, sosai ma. Line 6 ta fitar da POD a 1998, jan akwatin nan mai kama da ƙoda, shi ya fara sa talakan makaɗi ya yarda kwamfuta za ta iya kwaikwayon muryar shahararrun amfilifayoyi irin su Marshall ko Vox. Roland ta kawo Micro Cube a 2004, wat 2, da batir. A farkon shekarun 2010 Kemper ta zo da na'urar da ke saurarar amfilifaya ta gaske ta kwafe halinta. Abin da a lokacin sai manyan ɗakunan ɗaukar waƙa, yau ya gangaro cikin ƙananan akwatuna. Inda ci gaban ya fi fitowa fili shi ne wurare biyu: yadda sauti ke amsa ƙarfin bugu, kamar yadda na ji a gwajin nan, da kuma abin da ke fita ta ramin abin kunne. Tsofaffin amfilifayoyin koyo da yawa idan ka soka abin kunne, wani siririn ƙara mai soya kunne suke turowa, saboda ba su da kwaikwayon akwatin lasifika mai kyau. Na yanzu suna ɗauke da awon amsawar akwatuna na gaske, wasu har da na ɗakin. Wanda amfilifayarsa ta kai shekara goma sha biyar, kuma yawancin kiɗansa da dare ne ta abin kunne, zai ji bambanci tun bugun farko, ba sai an rufe masa ido ba. Tsakanin zubi biyu da ke jere da juna kuwa, tazarar takan zama 'yar kaɗan: ƙarin muryoyi biyu ko uku, sabon ramin USB, fenti. Ni a wurina tsallake zubi ɗaya ba ya rage wa mutum komai.

Akwai wani dalilin canji da nake girmamawa fiye da maganar sauti, ko da yake masu ji da kansu sukan raina shi. Sauƙi. Mutumin da sai ya jawo akwati daga ƙarƙashin gado, ya nemo soket, ya warware wayoyi uku kafin ya yi bugun farko, rana da yawa zai ce bari sai gobe. Wanda tasa ke zaune a tebur da batir a ciki, danna ɗaya ta farka, zai kaɗa ko na minti goma ne kafin ya fita. A shekara wannan minti goman ya fi duk wani ƙarin desibel tasiri a yatsu. Tunanin ba sabo ba ne. Tun farkon shekarun 1970 'yar amfilifayar Pignose take yawo a hannun makaɗa, wat 5, batir shida, maɓalli ɗaya tal mai siffar hancin alade. Yamaha ma da ta kawo THR cewa ta yi amfilifaya ce ta uku, bayan ta dandamali da ta atisaye, wato ta zaman gida. Ƙara da na'urar da ke ɗaukar jimla ta yi ta maimaita maka kana ɗora wata a kai, wadda Spark 2 ya zo da ita a jiki na farko kuwa babu. Ga mai kiɗa shi kaɗai wannan kamar samun abokin bita ne da ba ya gajiya. Idan sabuwar ta zo da abu ɗaya irin wannan wanda ka san za ka taɓa kullum, hujja ta samu, ko da muryarta ba ta fi ta tsohuwar ba.

A nan sai a yi hattara da kalmar “babu waya”. Bluetooth da ke jikin waɗannan akwatuna don turo waƙa ne daga waya ka bi ta da jita, da kuma sarrafa manhaja. Ba a tura jita ta nan, ba a kuma haɗa abin kunne na Bluetooth a kaɗa, domin jinkirinsa yakan wuce kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Sauti a iska yana cin mita ɗaya a wajen kashi uku cikin dubu na daƙiƙa, don haka wannan jinkirin daidai yake da ka tsaya sama da mita talatin daga amfilifayarka. Hannu ya buga, kunne ya jira. Masu jita marar waya wata na'ura ce daban suke amfani da ita, mai jinkiri ɗan mitsitsi, kuma sau da yawa daban ake sayenta.

Yanzu ɓangaren da ba a sa shi a talla. Ƙwaƙwalwar nan kwamfuta ce, tsufan kwamfuta kuma take yi. Fender Champ ta fito a 1948, ƙaramar amfilifaya ce ta masu koyo, 'yan wat kaɗan da lasifika ɗaya. Wadda aka ƙera a shekarun 1950 har yau mai gyara zai buɗe bayanta, ya ga komai a fili, ya canza abin da ya mutu ta ci gaba da aiki. Ita kuwa ta zamani, rabin abin da take iyawa yana cikin manhajar waya ko kwamfuta, manhaja kuma ranta a hannun kamfani yake. A 2020 Fender ta daina tallafa wa manhajar FUSE da tsofaffin amfilifayoyin Mustang ke amfani da ita. Amfilifayoyin ba su mutu ba, amma hanyar shiga lungunansu ta ƙuntata. Wannan ba halin kamfani ɗaya ba ne, haka duk abin da ya dogara da manhaja yake. Ni ma na ɗanɗana: wata rana da dare na zauna zan rage wani amsa-kuwwa da ya yi yawa, sai manhajar ta ce ba za ta buɗe ba sai an sabunta ta, sabuntawar ta ce wayata ta tsufa. A jikin akwatin kuma babu maɓallin da ke kaiwa wurin. Haka na kwana da amsa-kuwwar.

Saboda haka kafin ka biya, ka kashe wayarka ka zauna gaban akwatin ka ga nawa za ka iya yi da maɓallan jikinsa kaɗai. Abin da hannu ya iya kaiwa, shi ne naka na dindindin, sauran aro ne. Haka batir. Na litiyam yana raguwa da shekaru ko ana amfani da shi ko ba a yi. Idan ana zare shi a sa wani, lafiya lau. Idan a manne yake a ciki, ka san akwatin yana da ranar da zai koma ɗan soket.

Wasu kuma canjin da suke tunani na komawa ga bawul ne, tunda yanzu akwai ƙanana. Orange ce ta buɗe wannan kasuwa da Tiny Terror a 2006, ɗan kan ƙarfe mai wat 15 da ake iya saukewa zuwa 7. Murya kam akwai ta. Amma a tuna lissafin ɗazu: wat 15 bai gaza wat 50 da fiye da desibel biyar da 'yan kai ba, kuma daɗin bawul a buɗe yake fitowa, lokacin da tagogi suka fara rawa. Ga shi ba ya zuwa da lasifika a jiki, sai an nemo masa akwatin lasifika wanda lambar om ɗinsa, wato ma'aunin turjiyar wuta, ta dace, ba a kuma kunna shi babu lasifika, in ba haka ba taransifomar ciki ta ƙone. Bawul ɗin kansu, irin su 12AX7 da EL84, suna ƙarewa, masana'antun da ke yin su a duniya kuma 'yan kaɗan ne, JJ a Sulobakiya, wata a Saratov ta Rasha, sai wasu a Sin. Da yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022 makaɗa sun ga yadda suka yi wuya. Ga mai ɗakin da zai iya buɗe wuta wannan hanya ce mai kyau. Ga mai zama a gidan da bango ɗaya ya raba shi da jaririn maƙwabci, ƙaramin akwatin bawul ado ne kawai.

Mai kiɗa cikin ƙungiya maganarsa gajeriya ce. Ko dai lasifika mai inci 10 ko 12 da isasshen ƙarfi, ko kuma ƙaramar amfilifaya mai ramin fitar da sauti zuwa manyan lasifikun wurin taro. In sabuwar ba ta da ɗaya daga cikin biyun nan, ba tasa ba ce, komai daɗinta a tebur.

Kafin a kai ga ciro kuɗi ma akwai abubuwan da ke gyara murya kyauta ko kusan kyauta, waɗanda mutane ke tsallakewa don ba su da daɗin buɗe sabon kwali. Amfilifayar da ke ƙasa tana yi wa idon sawu kiɗa ne, siraran muryoyi kuwa miƙe suke tafiya kamar hasken tocila, suna wucewa ƙarƙashin kunne. Ɗora ta a kujera ko ka jingina ta ta kalli fuskarka, za ka ɗauka wata ce. Janye ta daga kusurwa in kaurin ya yi yawa, matsar da ita bango in ya yi kaɗan. Tsirkiyoyin da suka shekara a jita babu amfilifayar da za ta dawo musu da rai. Rage gurnani zuwa rabin inda ka saba, ka ɗaga tsakiya. Duba kuma ko kamfanin ya fitar da sabuntawar manhajar ciki, don wani lokacin abin da ake tallata sabuwa da shi ya riga ya iso tsohuwa ba ka sani ba. In tana da ramin haɗa lasifika ta waje, ari babban akwati ka soka ka ji. Idan ƙorafin ya ɓace nan take, ka gane lasifika ce, ka kuma gane sabon zubi mai lasifika irin ta da ba zai yi magani ba.

In bayan duk wannan zuciya ta tsaya a kan canji, jinkirin 'yan watanni yana da riba. Kashin farko na kowane sabon kaya shi ke fitar da ɓoyayyun aibu, ƙarar da ba a so a ramin abin kunne, manhajar da ke katsewa, maɓallin da ke sakewa. Masu gaggawa su ne ke yi wa kamfani gwaji da kuɗinsu, bayan sabuntawa ɗaya ko biyu ƙura takan lafa. A lokacin kuma bayanan waɗanda suka saya da guminsu sun fara fitowa, ba na waɗanda aka aika wa kyauta ba. Fitowar sabuwa tana karya darajar tsohuwa a kasuwar na hannu. Wannan asara ce ga mai son sayar da tasa, amma garaɓasa ce ga wanda zubin baya ya ishe shi. In da hali a saya inda ake karɓar kaya idan an mayar cikin wa'adi, don a gwada ta a ɗakin da za ta zauna, da jitar da za ta ci, da ƙarar da za a riƙa barinta.

Bayan gwajin nan da abokina, ban saya ba, ban kuma fasa ba. Na manna 'yar takarda a saman tawa, duk ranar da ta ba ni haushi in rubuta dalili a layi ɗaya. Da wata ya cika na ƙirga layi tara. Ɗaya maganar manhajar nan ce. Ɗaya ranar da na so gurnanin tsakiya irin na tasa. Sauran bakwai duk bayan ƙarfe goma sha ɗaya na dare aka rubuta su, kuma duk magana ɗaya suke yi, abin kunne yana soya min kunne. Sai na nemi irin 'yar na'urar nan da ake sokawa kai tsaye a jikin jita a haɗa abin kunne, dangin amPlug da Vox ta fara a 2007 da Mustang Micro na 2021, wadda ba ta da lasifika ko ɗaya. Tsohuwar tana nan a kan kujera, a jingine tana kallon fuskata, da rana nake kunna ta. Takardar ma ban cire ba, layi biyu ne suka ƙaru tun daga lokacin.